Yarona ba ya gani da dare: tabarau zan saya ko maganin ɗigawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara huɗu yana gani garau da rana, amma da an yi magariba sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da kwanoni. Mai kemis ya ce in sayi maganin ɗigawa, maƙwabciyata kuma ta ce tabarau. Wanne zan saya? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Abin da kika kwatanta dundumi ne, kuma tushensa yana can ƙuryar ido, inda tabarau da ɗigo ba sa kaiwa.

A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke kama haske a cikinsa: wajen miliyan 6 na ganin launi da rana, da wasu kusan miliyan 100 masu siffar sanda, su ne na duhu. A kan kowace sanda an jera ƙananan tantanai kusan 1,000, ɗaya bisa ɗaya kamar faya-fayai a gaban mai talla. Cike suke da wani sinadari, rodofsin, wanda jiki ba ya iya haɗawa sai da bitamin A. Ikon Allah, kullum na saman suna zubewa, sababbi na fitowa daga ƙasa, cikin kwana 10 ko makamancin haka an sabunta jerin duka. To idan bitamin A ya yi ƙaranci, ganin dare ne ke fara tafiya.

Ki kai shi asibitin unguwa a duba shi. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 ana ba su ƙwayar bitamin A kyauta, wata shida-shida. Kada ki saya a kemis ki riƙa ɗura masa, yawansa guba ne, mai ciki ma ta kiyaye. Kuɗin tabarau kuwa ki kai su wurin mahauci ki sayo hanta, ko da sau ɗaya a mako. Ki haɗa da ƙwai, manja, karas, kwaɗon zogale da ɗan mai a ciki, da mangwaro in lokacinsa ya yi. Idan za ki sayi man girki ko sukari na kamfani, duba tambarin ido mai harafin A a jiki, alamar an ƙara bitamin ke nan.

Abu ɗaya nake roƙonki. Idan kin ga farin idonsa ya bushe, ko wani tabo kamar kumfa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, kada ki kwana, nan makanta ke farawa. Haka in akwai masu dundumi a dangi, musamman inda aka yi auren zumunci, domin akwai na gado wanda abinci ba ya warkarwa. Wannan sai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a leƙa tantanin da na'ura.