Mai Ciwon Farfaɗiya da Azumin Ramadan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara shida ke nan ina fama da farfaɗiya, ina shan magani sau uku a rana. Wata ƙawata ta ce ta karanta a intanet cewa rage cin abinci yana kwantar da ciwon, don haka in ajiye ƙwayoyin in rungumi azumi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Maganar ƙawarki tana da asali. A 1921 wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Russell Wilder, ya tsara abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci don ya kwaikwayi abin da yunwa ke yi wa jiki. Idan jiki ya rasa sukari sai ya koma ƙona kitse, ƙwaƙwalwa ta riƙa amfani da abin da ke fitowa daga ciki, kuma hakan yana rage faɗuwa ga wasu. Har yau ana ba wa yaran da magani ya kasa musu wannan abinci, a awo, ƙarƙashin kulawar likita. Amma wannan hali sai an yi kwanaki ba sitaci kafin jiki ya shige shi. Mu kuwa da an kira magariba ga dabino, ga kunun gyaɗa, ga ƙosai, shinkafa na biye. Ina aka ga yunwar da ake magana?

Abin da ya fi tayar da ciwon nan sananne ne: tsallake magani da rashin barci. Duka biyun suna jiran mutum a watan azumi, tsakanin tarawihi da tashin sahur. Tsayar da magani farat ɗaya kuma yana iya jawo faɗuwar da ba ta yankewa, wadda kan kai ga rasa rai. Ki tuna ke ce a gindin murhu da la'asar, mai yana tafasa a kasko.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 185, wanda ya kasance marar lafiya ko matafiyi sai ya rama a wasu kwanaki. Malaman Malikiyya sun ce ya halatta a sha azumi idan ana tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya kuma zama wajibi idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Saboda haka barin magani da ra'ayin kanki bai halatta ba.

Ki je wurin likitanki tun a Sha'aban. Idan ya ga za a iya mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki, ki yi azuminki, ki kiyaye barci. Idan ya ce na rana dole ne, ki sha, domin haɗiye ƙwaya yana karya azumi, ki rama lokacin da hali ya samu. In kuma ba a sa ran samun halin, ki ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. A wurin Malikiyya mustahabbi ne, jumhur kuma, wato mafi yawan malamai, sun wajabta.

Idan ciwon ya tashi kina azumi: alfijir ya keto kina cikin hankalinki, sannan kika suma na ɗan lokaci da bai wuce rabin yini ba, azuminki yana nan. In alfijir ya same ki a sume, sai ramuwa.

Wallahu a'alam.