Shin kotun ƙasa tana aiki da dokar ƙwadago ta duniya?

Malam, ka tambayi asalin dokar ƙwadago ta ƙasa da ƙasa, da ko ma'aikaci zai iya dogara da ita a kotun ƙasarsu. Zai iya, amma ba a ko'ina ba.

Tushenta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka kafa a 1919 cikin yarjejeniyar Versailles, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwamnati da masu ba da aiki da ma'aikata kowa na da kujera a cikinta. Yarjejeniyarta ta farko ta ƙayyade aikin masana'antu zuwa awa 8 a rana, 48 a mako.

Inda gizo ke saƙar shi ne kotu. A ƙasashe irin Ingila, ko gwamnati ta amince da yarjejeniya, alƙali ba zai zartar da ita ba sai majalisa ta mayar da ita dokar gida. A Faransa kuwa, da zarar an amince da ita, ta fi dokar majalisa ƙarfi. A 2005 Faransa ta ba ƙananan kamfanoni damar sallamar sabon ma'aikaci cikin shekara 2 na farko ba tare da faɗin dalili ba. A 2008 babbar kotunsu ta ce hakan ya saɓa wa Yarjejeniyar ILO ta 158, wadda ta shafi sallamar ma'aikaci daga aiki.

Ko inda ba ta zama doka ba, alƙalai kan leƙa ta wajen fassara dokar gida, kuma a ganina wannan hanyar ce ta fi amfanar ma'aikata. Fara bincika ko ƙasarku ta amince da yarjejeniyar ILO da ta shafi batunka, sannan ka duba tsarin mulkinku.