Lissafin turjiya ya yi daidai, me ya sa rizisto ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina koyon haɗa kayan lantarki ne. Ina da ƙaramin kwan fitila mai zare, an rubuta 6V da 0.5A a jikinsa, batirina kuma na bolt 12 ne. Na yi lissafi na sa rizisto mai om 12 tsakanin batirin da kwan. Kwan ya kama lafiya lau, amma ko minti ɗaya ba a yi ba rizisto ya fara hayaƙi, ya yi baƙi ƙirin. Irin ƙananan nan ne masu zoben launi. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Om 12 ɗin da ka samu daidai ne. Matsalar ita ce kowane rizisto lamba biyu gare shi, ta turjiya (om) da ta zafin da zai iya jurewa (wat), kai kuma ɗaya ka lissafa.

Ka yi amfani da dokar Ohm, wadda Bajamushe Georg Simon Ohm ya wallafa a 1827: turjiya ita ce boltej a raba da kwararar lantarki, R = V ÷ I. Kuma ka tsallake ramin da masu koyo suka fi faɗawa, domin ba ka ɗauki bolt 12 na batirin gaba ɗaya ba. Kwan zai ɗauki bolt 6, sauran 6 su ne rabon rizisto. Tunda a jere suke a layi ɗaya, kwararar amfiya 0.5 (0.5A ɗin nan) da ke ratsa kwan ita ce ke ratsa shi. Ka raba 6 da 0.5, om 12 ke nan.

To amma bolt 6 ɗin da rizisto ya tare, ina suka tafi? Zafi suka zama. Yawan kuzarin da yake mayarwa zafi a kowace daƙiƙa shi ne pawa, ana auna ta da wat, lissafinta kuwa P = V × I. A wajenka 6 sau 0.5, wato wat 3. Ƙananan rizistocin nan masu zoben launi, waɗanda tsawon jikinsu bai wuce milimita 6 ko 7 ba, yawancinsu kwatan wat ne, wato 0.25. Ka ɗora masa ninki 12 na abin da aka yi shi ya ɗauka, kayan raƙumi a bayan jaki. Zoben launin kuma ba za su gargaɗe ka ba, domin turjiya suke faɗa da iyakar kuskurenta, ba su cewa komai game da wat. Girman jikin da takardar bayaninsa ne ke nuna wannan.

Akwai wani abu da ya ƙara masa wahala. Zaren tungsten da ke cikin kwan ba ya tsayawa a turjiya ɗaya. Idan yana ci, turjiyarsa om 12 ce, 6 a raba da 0.5. Cire kwan ka auna shi da mitar awon lantarki yana sanyi, za ka ga abin da bai wuce om 1 ko 2 ba, domin turjiyar zaren tana hawa kusan ninki goma idan ya yi zafi. Saboda haka a ƙiftawar farko da ka haɗa waya, kusan duk bolt 12 ɗin a kan rizisto suke sauka. Ɗan lokaci ne ƙwarai, amma yana nuna maka cewa R = V ÷ I tana ba ka turjiyar abu a yanayin da ka auna shi ne kawai.

Idan ka haɗa dokokin biyu za ka sami wasu hanyoyin: P = I × I × R, ko P = V × V ÷ R. Gwada ta farko, 0.5 sau 0.5 sau 12, wat 3 ɗin dai za ta dawo. Ka riƙe wannan da kyau, saboda kwararar sau biyu take shiga lissafi. In ka ninka ta, zafin ninki huɗu zai yi. James Prescott Joule na Ingila ne ya gano haka a farkon shekarun 1840, kuma shi ya sa siririyar waya ke narkewa idan aka jona mata abu mai cin wuta da yawa. 

Yanzu mafita. In lallai rizisto kake so, nemi mai om 12 wanda wat ɗinsa ya kai aƙalla ninki biyu na abin da ka lissafa. Masu wat 5 za su ɗauka amma da zafi sosai, ni mai wat 10 zan zaɓa, irin farin nan mai kusurwa huɗu. Batirin gubar da aka ce bolt 12 ne yakan kai 12.6 idan ya cika, ya haura 14 lokacin caji, don haka rarar tana da amfani. Kada ka manna riziston da roba ko waya, ka bar masa iska.

Sai dai a ganina rizisto ba shi ne dabara a nan ba. Kwan yana cin wat 3, rizisto yana ƙona wat 3, rabin cajin batirinka yana tafiya a zafin banza. In kana da kwan na biyu iri ɗaya sak, jera su biyun a layi ɗaya, kowanne zai ɗauki bolt 6, ka sami haske biyu da amfiya 0.5 ɗin nan. In kuwa ɗaya kake buƙata, sa ƙaramin allon rage boltej irin mai kunnawa da katse wuta da sauri, wanda ake kira buck converter, ka juya sukurunsa har mita ta nuna bolt 6 kafin ka jona kwan.