Ɗana mai lalurar Down zai gama makaranta, ina zan kai shi aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 16, yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita kuma take jawo jinkirin fahimta, kuma saura shekara ɗaya ya gama makarantar masu buƙata ta musamman a nan Kano. Karatu bai shige shi sosai ba, amma yana son shara da jera kaya. Mahaifinsa ya ce a bar shi a gida kada a wulaƙanta shi a waje, ni kuwa ina tunanin ranar da ba ma raye. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Tsoron Alhaji yana da tushe, sai dai zaman gida ma yana da tasa illar, domin yaro irin naki idan ya rasa inda zai fita kullum da safe, abin da ya sha wahala ya koya a makaranta yakan zube a hankali, har magana da tsaftar jiki su ja baya.

Shawarata ita ce kada ki jira sai ya gama. Mai jinkirin fahimta yana shan wuya wajen ɗauko abin da ya koya a wani wuri ya yi amfani da shi a wani, saboda haka wanda aka koya wa ninke tufafi a aji yana iya tsayawa sororo ranar da aka kai shi shagon wanki da guga. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga sanya matashi a wurin aikin tukuna, sannan a horar da shi a can. A Amurka doka ta wajabta wa makaranta ta rubuta wa irin wannan ɗalibi shirin fita zuwa aiki kafin ya wuce shekara 16, kuma shirin Project SEARCH, wanda aka fara a wani asibitin yara na birnin Sinsinati a 1996, yana sa ɗalibi ya yi shekararsa ta ƙarshe a cikin ma'aikata, yana zagaya sassa uku, kowanne kimanin mako goma.

Mu ba mu da wannan tsari a hukumance, amma muna da koyon sana'a a hannun maigida, wanda ya fi shi daɗewa. Tun da yana son jera kaya, ki nemi mai kanti ko mai wanki da guga a unguwarku, mutumin da aka shaida da haƙuri, ya fara zuwa kwana biyu a mako, awa biyu ko uku. Matsalar koyon sana'a irin namu ita ce kallo ake yi a ɗauka, a yi kuskure a sha tsawa, kuma wannan ba zai yi wa ɗanki ba. Ana bukatar wani, ko malaminsa ko yayansa, ya zauna tare da shi makonnin farko, ya yanka aikin gunduwa-gunduwa: buɗe katan, goge ƙura, juya sunan kaya ya kalli waje, sa tsohon kaya gaba. A nuna masa da hannu ko da hoto a waya, kada a ƙara wani mataki sai na farko ya zauna, sannan mai rakiyar ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan har ya daina zuwa.

Ki yi maganar kuɗi tun ranar farko, ko da kaɗan ne, a ba shi a hannunsa. Na sha ganin yaro ya shekara a shago ya zama ɗan aike da abin tsokanar sauran yara, maigida kuwa yana ganin alfarma yake yi. Ki riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, kuma ki koya masa hanya, da tsallaka titi, da biyan mai adaidaita sahu, da cewa a'a ga wanda ya taɓa jikinsa ko ya karɓe masa kuɗi, domin sau da yawa waɗannan ne ke raba su da aiki.

Kafin ya fara, likita ya duba zuciyarsa, da jinsa, da ganinsa, da ƙashin wuyansa, saboda wasu masu lalurar Down suna da sassauci a gaɓoɓin saman wuya, kuma ɗaukar kaya mai nauyi a ka yana iya yi musu lahani.

Game da aikin gwamnati, dokar haramta nuna wariya ga nakasassu da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko. Ki san da ita, amma kada ki jingina da ita, domin guraben galibi takardar shaida suke nema. Shi kuwa Alhaji, kada ki yi gardama da shi; ki roƙe shi ya zaɓi maigidan da kansa, kuma ya raka yaron ranar farko.