Folish ko waks, wanne ne yake kare fentin mota da keke?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina da baƙar mota, duk wata sai na sa an goge min ita da folish, amma yanzu in rana ta haska sai in ga wasu ƙananan zane-zane masu zagaye sun cika bonet, kuma ƙyallin baya daɗewa. Wani yace waks ya kamata in dinga sawa. Meye bambancinsu? Kuma zan iya shafa wa kekena?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh kafin komai ka dakata da folish ɗin nan na wata-wata, domin folish cin fenti yake yi, waks kuma rufe shi yake.

Fentin motocin yanzu hawa uku ne, firaima a ƙasa, sai kala, sai kiliya a sama, wato wani fenti garau marar kala, wadda ita ce take sheƙin kuma take tare wa kala zafin rana. Kaurin kiliyar nan yawanci bai wuce maikron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin fallen takarda. Folish yana da wasu ƙwayoyi masu kaifi a ciki da ido baya gani, duk lokacin da aka goga sai ya kankare ɗan saman kiliyar har wajen ya daidaita da zurfin karcen, shi yasa kake ganin ƙyalli ya dawo, amma fa abin da ya tafi ya tafi kenan, kiliya bata tsirowa, ranar da ta ƙare sai dai mai fenti. Sau ɗaya a shekara ya isa, shima in akwai dalili.

Zane-zanen da kake gani kuwa galibi daga wanki suke zuwa. Tsumma ɗaya a goge taya da shi a dawo kan bodi, ko a goge ƙura a bushe babu ruwa, yashin da ya maƙale shi ke yin zanen, kuma baƙin fenti baya ɓoye komai. Ka sa farce a kan karcen, in farcen ya maƙale to ya yi zurfi folish ba zai fitar da shi ba, in ya wuce sumul za a iya gyarawa. Wajen wanki a sa bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga rufi a gangaro, a tsane da tawul ɗin maikrofaiba, wato mai laushin nan na goge mota. Omo da sabulun wanke kwanuka a bar su, suna cinye waks.

Shi waks da makamantansa iri-iri ne. Akwai na carnauba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Brazil, yana sa baƙin fenti ya yi kyau sosai sai dai baya jure zafi da yawan wanki, wata ɗaya zuwa uku ya tafi. Akwai na haɗin sinadari da ake kira silant, ya kan kai wata shida. Sai siramik da ake yi da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, wannan shekara biyu ko fiye, amma duk karcen da ka bari a ƙarƙashinsa ka kulle shi kenan. Ni a ganina motar da ke wuni a rana silant ya fi mata.

Shafa waks ko silant ba wuya. A inuwa, bodi a sanyaye, ɗan kaɗan a soso, mutane suna lafta shi da yawa suna zaton ƙarin kariya ne alhali wahalar gogewa kawai suke ƙara wa kansu. In ya yi fari-fari ka ja yatsa a kai, in wajen ya fita tas to goge. Kar ya taɓa baƙar robar bamba, farin tabo yake bari mai taurin kai. In kuma sabon fenti aka yi maka ka jira wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa tukuna. Ranar da ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa ya koma shimfiɗewa, lokacin sabuntawa ya yi.

Keke kuwa eh, waks ɗin mota yana yi masa, laka ma bata kama firam sosai bayan an shafa. In fentinsa marar sheƙi ne kar ka kai masa folish ko waks na gama-gari, zai yi maka dabbare-dabbaren ƙyalli da baya gyaruwa, akwai nasa man daban. Babban abin kiyayewa birki ne. Kar ka fesa komai kai tsaye a jikin keken, ka fesa a tsumma, ko ma ka cire tayoyin gaba ɗaya, domin in waks ya hau faifan birki ko gefen wili inda roba ke kamawa birkin zai dinga ƙara yana santsi. Faifan ana wanke shi da sinadarin isopropyl, wani irin sifirit na goge maiƙo, amma takalmin birkin in ya sha man yawanci sai dai a canza shi.