Rodiyam ɗin nan, in ka saya wa zai saya a hannunka?

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai da safe. Tun la'asar na ga tambayar ƙanenmu, ina shagona na gwal mutane sun yi yawa, sai yanzu da na ci tuwo na samu zama.

Ga wanda bai gani ba, cewa ya yi an turo masa bidiyo wai akwai wani ƙarfe mai suna rodiyam da ya fi zinare tsada, kuma akwai wata manhaja da za ka zuba naira dubu 300 su saya maka, duk wata su ba ka ribar kashi 25 cikin 100. Shi ne yake tambaya ko ya taɓa kuɗin da yake tarawa na lefe.

To ƙanena, abu biyu ka haɗa mini a tambaya ɗaya. Akwai ƙarfen, akwai manhajar. Ƙarfen gaskiya ne, kuma e, ya fi zinare tsada. Wani Bature ɗan Ingila, William Wollaston, shi ya gano shi a 1804. 'Yan gida ɗaya ne su shida, su falatinam, faladiyam, rodiyam, iridiyam, ruteniyam da osmiyam, a rami ɗaya ake samun su. Fari ne tas, yana ƙyalli, ba ya tsatsa. Hajiyoyin zauren nan da yawa kuna sanye da shi ba ku sani ba. Zoben farin gwal ɗin nan da in ya kwana biyu a hannu sai ki ga cikinsa ya fara ɗan rawaya, ki kawo mana ki ce an cuce ki? Ba cuta ba ce, wankin rodiyam ne aka yi masa a sama, siririn da bai kai kaurin gashi ba, shi ne ya goge.

Amma ba kayan ado ne ke cin sa ba. Mota ce. Fiye da kashi 80 cikin 100 na rodiyam ɗin duniya cikin salansar mota yake tafiya. Kun san abin nan da makanikai ke kira Indomie, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma? Yawwa. A jikinsa ake shafa ɗan falatinam, ɗan faladiyam, ɗan rodiyam, su tace gubar hayaƙi kafin ya fita. Ni kaina an taɓa yi mini. Na kai mota gyaran birki wani gareji, ba zan faɗi wuri ba, na tafi sallar Juma'a na dawo. Ina tayar da ita na ji tana gurnani kamar injin markaɗe, ga wani wari yana shigowa ta taga. Sai da na kai wa wani ya ɗaga ta, muka ga sabon walda a cikin salansar, an farke an kwashe an mayar an liƙe. A lokacin ina ta mamakin me mutum zai yi da wannan tarkacen. Ashe 'yan gwangwan ke saye, daga hannu zuwa hannu har ya bar ƙasar, ya isa matatun da ke iya tatso ƙarfen. Kuma kar ku ɗauka mu kaɗai ne, a Ingila da Amurka har a ƙofar gida ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota su yanke shi da zarto, musamman ƙirar Toyota Prius. Alhali a motoci da yawa rodiyam ɗin ciki bai ma kai giram 1 ba.

Me ya sa yake tsada haka? Ƙaranci. Duk abin da duniya ke samu a shekara, har da wanda ake tatsowa daga tsofaffin salansa, bai wuce tan 30 da 'yan kai ba. Alhaji mai siminti, tirelarka ɗaya buhu 600 take ɗauka ko? To tan 30 ke nan. Lodin tirela ɗaya, shi duk masana'antun motocin duniya ke rububi a kai shekara guda. Zinare kuwa ana haƙo sama da tan 3,000 duk shekara. Sannan wajen kashi 80 cikin 100 na rodiyam daga ƙasa ɗaya yake fitowa, Afirka ta Kudu, yankin duwatsun Bushveld, wajajen garin Rustenburg. Sauran Rasha da Zimbabuwe da Kanada ke kawowa. Kuma ba wanda ke haƙa rami don rodiyam shi kaɗai. Falatinam ko nikel ake nema, shi sai ya biyo baya kamar gyara a kan awo. Saboda haka ko farashinsa ya tashi sama, ba za a iya cewa gobe a ninka haƙowa ba. In kuma ya faɗi, ba za a daina fito da shi ba, tunda ba don shi aka shiga ramin ba. Ka gane inda matsalar take? Babu birki, ko ta sama ko ta ƙasa.

Bari in ba ka lissafi, ka riƙe da kyau, don bidiyon da aka turo maka na tabbata rabi ya faɗa. Da oza ake auna shi, oza ɗaya giram 31 ce da ɗigo 1. A farkon 2008 Afirka ta Kudu ta shiga matsalar wutar lantarki, su ma suna da tasu NEPA ɗin, Eskom sunanta, har mahaƙai suka tsaya na 'yan kwanaki. Kafin tsakiyar shekarar oza ta kai dala 10,000. Sai tattalin arzikin duniya ya karye, aka daina sayen mota, kafin shekarar ta fita ya dawo wajen dala 1,000. Wata shida kacal, kashi 90 cikin 100 ya tafi. Ya yi ta jan ƙafa, a 2016 har ya sauko dala 600 da wani abu, ba mai ko kallonsa. Daga nan Sin da Turai suka tsaurara dokar hayaƙi, kowace mota tana buƙatar ƙari. A farkon 2020 wani abu ya fashe a masana'antar sarrafa ƙarfe ta Anglo American Platinum a Rustenburg, ga korona ta zo ta rufe mahaƙai. Watan Maris na 2021 oza ɗaya ta haura dala 29,000. Wanda ya saya a 2016 ya riƙe, kuɗinsa ya ninka fiye da sau 40. To nan masu bidiyo suke tsayawa su sa kiɗa.

Ba sa gaya maka cewa a 2023 ya dawo wajen dala 4,000. Masana'antun zaren gilashi na ƙasar Sin da ke amfani da shi suka ga tsadar ta yi yawa, suka rage shi suka ƙara falatinam, suka fito da wanda ke hannunsu kasuwa. Kasuwar da dududu lodin tirela ɗaya ce, in mutum biyu uku suka sauke kaya ai shi ke nan. Wanda ya shiga a 2021 saboda ya ji ana ta labari, ko faɗuwar naira ba ta fitar da shi ba a 2023 ɗin. Ga kuma motar lantarki, ita ba ta da salansa kwata-kwata. Duk ɗaya da aka sayar, an rage mai cin rodiyam ɗaya. Ban ce gobe za a daina motar fetur ba, mu nan ma sai a hankali, amma mai zuba kuɗi na shekara goma dole ya sa wannan a lissafi.

Afuwan, kira ne ya shigo ya yanke mini. Ina ci gaba.

Yanzu mu zo abin da ya fi damuna, wanda shi ya sa na ɗauki murya ban rubuta ba. Mu ƙaddara ka dace, ka sayi na gaskiya, farashi kuma ya tashi. Wa za ka sayar wa? Ni shekaruna nawa ina harkar gwal. Mace ta shigo da ɗan kunne yau, in goga a dutse, in ɗiga ruwan gwaji, in ɗora a sikeli, kafin ta gama shan ruwa kuɗinta ya shiga asusu. Ta je Kano, ta je Maraɗi, ta je Dubai ko Makka, haka ne. Rodiyam fa? Kwanaki wani bawan Allah ya zo mini da wani gari mai ruwan toka a ƙullin leda, yana ta waige-waige, ya ce rodiyam ne wani ya bar masa jingina. Na juya ledar, na shinshina, na ce masa wallahi ko toka ce ko dukiya ce ni ban da yadda zan sani. Ruwan gwajinmu ba ya cin sa. Wutarmu ba ta narka shi, don zinare a digiri 1,064 yake narkewa, shi kuwa sai 1,964. Duk layinmu aka zagaya da shi, ba wanda ya taya ko sisi. Ya fita da ledarsa jiki a sanyaye. Kuma abin da mutane ba su sani ba, asalin cinikinsa tsakanin kamfanoni yawanci a garin ake yi, ba a dunƙule ba, shi ya sa damfara da shi ke da sauƙi.

Ko a Turai ma ba shi da kasuwar fili irin ta zinare inda kowa ke gani ana tayi. Kamfanoni ƙalilan ne irin su Johnson Matthey ke fitar da farashi, sauran a waya ake daidaitawa. Akwai masu yin sa ƙananan sanduna, kamar Baird a Landan. Amma farashin da za su sayar maka da wanda za su saya a hannunka akwai rata mai faɗi, ba irin 'yar ratar gwal ba. A Ingila kuma harajin kaya kashi 20 cikin 100 yana hawa kansa, zinaren ajiya kuwa an yafe masa. Wato ranar da ka saya, ranar ka fara da asara, sai ya yi tashi mai yawa kafin ka dawo da uwar kuɗi. Akwai takardun hannun jari da ke bin farashinsa, ana cinikinsu a kasuwar Johannesbag, wannan hanya ce ta gaskiya, amma sai ta hannun dillali mai lasisi, da kuɗin waje, kuma hawa da saukar nan duk za ta same ka.

'Yan'uwansa ma duk kanwar ja ce. Faladiyam ya haura dala 3,000 a Maris 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke, saboda Rasha ke ba da wajen kashi 40 cikin 100, a 2024 ya faɗo ƙasa da 1,000. Iridiyam kuwa a Indiya har wata damfara ake yi da sunansa, a nuna maka tsohuwar tukunyar tagulla a ce tana da iridiyam, wai tana jan ƙwayar shinkafa. Irin labarin jar zaiba da tsohon keken ɗinki ne da aka yi ta yi mana a nan. Falatinam ne ɗan dama-dama a cikinsu, shi yana da kasuwa mai faɗi.

Ita kuma manhajar, ƙanena, ba sai na ja ba. Ƙarfe ba ya haihuwa. Ba akuya ba ne, ba gidan haya ba ne. In ka ajiye oza ɗaya shekara goma, oza ɗaya za ka tarar. To ribar kashi 25 duk wata daga ina take fitowa, har a watan da farashi ya faɗi? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka. Waɗanda suka ga yadda tsarin zuba kuɗi na MMM ya rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016 suna cikin zauren nan, sun yi shiru ne kawai. In sun nuna maka takardar CAC, wannan rajistar suna ce, kowa ma zai iya yi. Mai karɓar kuɗin jama'a don juyawa rajistar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ake tambayarsa, kuma kai za ka shiga shafin hukumar ka duba da idonka, ba hoton da suka turo maka ba. Ka tambaye su a wane rumbu ƙarfen yake, wa ke gadinsa, in ka ce a ba ka naka a hannu za su ba ka? Ka ga yadda za su fara kame-kame.

Hajiya ta tambaya a ƙasa batun zakka. Abin da na sani, shi ba shi da nisabin kansa kamar zinare da azurfa, in don sayarwa aka saye shi hukuncin kayan kasuwanci ne ke hawa kansa. Malam yana cikin zaure, Allah ya gafarta Malam, a taimaka a faɗaɗa mana, har da hukuncin sayen abin da ba ka gani ba ba ka karɓa ba, don nan ba fagena ba ne.

Ni dai in ka tambaye ni, kuɗin lefe kar ka taɓa shi. In ajiya kake so wadda naira ba za ta cinye ba, sayi gwal ɗan giram biyu uku a wurin wanda ka sani, ka karɓi rasit, ka sa a auna a gabanka. Shi ma yana faɗuwa, kar wani ya ce na ce ba ya faɗuwa, amma ranar da ka matsu za ka samu mai saye kafin azahar. Kuma ba don ina sayar da gwal na faɗa ba, na san Alhaji mai siminti yana can yana dariya, je ka saya a ko'ina. Ma dai in za ka sa shi cikin akwatin amarya, ka ga ka huta saye biyu.

Ka turo mini sunan manhajar da hoton shafin nasu ta gefe, kar ka sa a zaure wani ya latsa. Gobe in Allah ya kai mu bayan na buɗe shago zan duba maka. Kuma wanda ya turo maka bidiyon, ka tambaye shi ko shi ya taɓa cire uwar kuɗinsa, ba riba ba, uwar kuɗin. Sai da safenku.