Nonon faccala a cikin kofi: shin yana haramta aure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake, a Kumasi. 'Yata watanta uku. Na ga kamar nonona ba ya isarta, sai na haɗa mata da madarar gwangwani. Ta feso da ƙuraje, ga amai, ga ɗigon jini a kashinta. A asibiti aka ce jikinta ba ya karɓar madarar shanu. Faccalata mai goyo ta riƙa tatsa mata nata a kofi, yau kwana goma ke nan. Wani malami ya ce tunda ba ta kama mama ba, babu 'yan'uwantaka. Dangi kuma sun riga sun yi mata kamu da ɗan faccalar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba yarinya lafiya. Shayarwar halal ce, faccalarki kuma ta sami lada. Kamun ne ya warware: yaron ya zama yayanta na shayarwa. Mijin faccalar ma ya zama ubanta, don haka 'ya'yansa duka, har na wata matar, muharramanta ne. Sauran 'ya'yanki abin bai shafe su ba.

Maganar kofi ra'ayin Ibnu Hazmi ne, wasu malaman zamani kuma suka jingina da shi don halatta rumbunan ajiyar nono. Hujjarsu ita ce Alƙur'ani ya ce shayarwa, ba a kuwa kiran kofi shayarwa. Hujjar ba ta tsaya ba. Hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim ya rataya hukuncin ga nonon da ke kashe yunwa, kuma yunwa ba ruwanta da ta inda nono ya shigo. Tun kafin a san bulumboti, malaman mazhabobi huɗu, a mashahurin zancensu, sun yi hukunci da haramci a kan nonon da aka ɗura wa jariri a baki. Risala, wadda ita muke karantawa a zangunanmu, ta ce duk nonon da ya isa cikin jariri a shekaru biyun farko yana haramtawa, ko tsotsa ɗaya ce. Ko mun bi Shafi'i mai sharaɗin sau biyar, kwana goma ya wuce nan. Likitoci ma sun nuna cewa sinadaran garkuwar mai nonon ne ke shimfiɗuwa a hanjin jariri suna tare masa cuta, kuma aikin ɗaya ne a kofi da a mama. Jikin matar nan ya gina jikin 'yarki. Ta yaya za a ce baƙuwa ce? A rubuta wannan shayarwa da shaidu tun yanzu, domin bayan shekara ashirin sai a rasa mai tunawa.

Inda na fi tsayawa shi ne "kamar ba ya isarta" da kika ce. Kuka ba ma'auni ba ne. Idan tana jiƙa ƙyalle shida a wuni da dare, nauyinta kuma yana ƙaruwa a katin awo, nonon ya isa. Yawan tsotsa ke kawo ruwan nono, sau 8 zuwa 12 a awa 24, har da dare. Duk kofin da ta sha, tsotsa ɗaya ta rage miki. Har ta cika wata shida kada a ba ta komai bayan nono, ko ruwa, ko rubutu. Zuma kuwa sai ta shekara, saboda ƙwayar cuta mai shanye jijiyoyin jarirai.

Kada kowa ya ce miki nonon akuya. Furotin ɗinsa ɗan'uwan na shanu ne, yawancin masu wannan matsala shi ma yana tayar musu. Kaɗan daga furotin ɗin shanu yana biyowa ta nonon mai shayarwa, don haka in jinin bai tsaya ba, likita zai iya sa ku biyun ku bar burkina (abin sha na gero da nono), wagashi (cuku), fura da nono da madarar shayi na mako biyu zuwa huɗu a gani. In dole sai gwangwani, akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ke rubutawa. Yawancin yara suna rabuwa da abin kafin shekara biyar.

Ya kamata faccalar ta yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta; ba zargi ba ne, kare rai ne. Nonon da aka tatsa kada ya kai awa huɗu a waje, ga zafin garinmu. A firji kwana huɗu, in wuta ba ta ɗauke ba.

Kada tsoro ya sa ki hana ta gyaɗa da ƙwai in ta kai wata shida. Binciken da aka wallafa a 2015, a kan yaran Ingila masu haɗarin borin jini, ya nuna fara gyaɗa da wuri ya rage borin jinin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin ɗari. A dama niƙaƙƙiya kaɗan a koko, ba ƙwaya ba, don kada ta shaƙe, ƙwai kuma ya dahu sosai. Tunda ta taɓa yin ƙuraje, ki fara jin ta bakin likita. Ranar da kika ga leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, ki wuce Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa nan take, a yi tofi a hanya.

Allah ne mafi sani.